Ranar da Hodi Bai Kori Tsuntsu Ba

Hodi mutumin Gulma ne, manomin shinkafa. Gidansu yana kallon gidan kakannina, saboda haka tun ina ƙarami na san shi. Ni kuwa shekara goma sha tara ke nan ina rubuta kati a wani ƙaramin asibiti a Argungu, kuma a bakin tagata wannan labari ya fara, ranar Litinin, takwas ga Janairu, 2024, da ƙarfe tara da kwata na safe. Ranakun da zan ambata daga katinsa na ɗauko su, da izininsa. Sauran daga bakinsa na ji, da bakin waɗanda suka gani.

Da na tambaye shi shekarunsa, sai ya ce in rubuta abin da na ga ya dace da fuskarsa. Na rubuta sittin da ɗaya. 'Yarsa Nazifa, wadda ta kawo shi, ta ce in ƙara biyu. Na ƙara.

Gonarsa a fadama take, ba ta cika eka biyu ba, gadon mahaifinsa ce. Bai taɓa kwana uku a jere a wajen Gulma ba sai a shekarar 2019, lokacin da matarsa Maryamu ta kwanta asibiti a Birnin Kebbi, kuma da gawarta ya dawo. 'Ya'ya huɗu suka haifa, Nazifa kaɗai ta rayu. Tana aure a Birnin Kebbi, tana koyarwa a makarantar firamare.

Abin da aka san Hodi da shi a fadama shi ne korar tsuntsu. Idan shinkafa ta fitar da kai, ƙwayarta na cike da farin ruwa kamar nono, jan-baki kan taso garke-garke, in suka sauka a gona ba mai tsaro, sa'a guda ta ishe su. Masu hali suna rufe gonarsu da raga. Hodi tun yana ɗan shekara bakwai aka ɗora shi kan rumfar tsaro, kuma ana iya cewa bai sauko ba. Yakan kafa rumfarsa bisa sanduna huɗu a tsakiyar gona, ya ja igiya shida zuwa gefe-gefe, kowace da gwangwanaye masu tsakuwa a ciki. A gefensa majaujawa da curin laka. Ga kuma murya, wadda in ya ɗaga ta masu wanki a bakin gulbi suna ji. Ƙa'idarsa ɗaya ce, kuma duk wanda ya yi maƙwabtaka da shi ya haddace ta: ba a barin na farko ya sauka, tun yana sama ake tare shi.

Ranar nan awon jininsa ya nuna ɗari da tamanin da shida bisa ɗari da sha biyu. Shekara guda ke nan yana shan maganin hawan jini ba fashi. Likita ya tambaye shi barci, ya ce kaɗan ne. Ya tambaye shi tunani, ya ce wannan kam akwai. Likita ya canza masa magani, ya ce amma magani kaɗai ba zai yi ba, sai ya sami lokacin da zai riƙa zama shiru, ya sassauta numfashi, ya bar zuciyarsa ta huta.

A bakin tagata Nazifa ta yanke maganar, ina neman wurin da zan sa katin.

"Baba, ka dai ji da kunnenka. In anka yanke shinkafar ga jininka bai sauka ba, Birnin Kebbi zan tafi da kai. Gona a ba wani shi noma."

"In yi mi a Birni? In zauna ƙofar gida ina ƙirga mashin?"

"Ka zauna ka huta. Na rasa Inna, ba ni rasa ka cikin laka ba wanda ya sani."

Ya karɓi ledar maganinsa ya cusa a aljihu.

Mijin Nazifa ne ya haɗa shi da Malam Izzuddeen, wani malami a nan Argungu wanda bai wuce shekara arba'in ba, mai sanyin magana. Duk Talata da Juma'a bayan la'asar mutane kamar goma sha biyar kan taru a zaurensa su yi zikiri, sannan su yi zaman shiru. Hodi ya fara zuwa ranar sha biyu ga Janairu, ranar da ya gama dashe. Malam ya ba shi istigfari ɗari, salati ɗari, hailala ɗari, a hankali ba gaggawa, bayan asuba da bayan la'asar. In ya gama ya rufe ido ya zauna, numfashi na shiga na fita, zuciya na tare da sunan Allah.

"Tunani zai zo maka, Baba," in ji Malam. "Kowa yana zo mai. In ya zo kada ka bi shi, kada kuma ka yi faɗa da shi. Ka dawo bisa zikirinka kawai."

"Allah gafarta Malam, in na hango shi tafe fa?"

"Ka bar shi."

"Shi sauka?"

"Shi sauka. Zai tashi da kainai."

Hodi ya ce to. Amma daga baya ya gaya mini cewa a ransa ya ce wannan yaron bai taɓa noman shinkafa ba.

Haka ya shiga zaman shiru kamar yadda yake hawa rumfa. Yana rufe ido sai ya kafa tsaro. Ya ɗaure fuska, ya cije haƙora, yana jiran abin da zai ɓullo. Tunanin ko ruwa ya kai ƙarshen gona ya taso, ya kore shi. Tunanin injin ban-ruwa da ke tari ya taso, ya kore shi. Waɗannan ƙanana ne. Bayansu sai Maryamu ta zo, a kan gadon asibiti, tana ce masa ya ɗaga mata kai ta sha ruwa. Ya kore ta. Sai kaburbura uku ƙanana da ke bayan gari. Ya ce duk wanda ya kora, wanda ke bayansa ya fi shi nauyi, kuma in ya buɗe ido yakan tarar da rigarsa ta jiƙe da gumi, wuyansa ya sage.

Abu, ɗan kawunsa, wanda gonarsu ke haɗe, shi ya fara lura. Taubasai ne, ba su gaisawa sai da tsiya. Wata la'asar a masallacin unguwarsu, an idar da salla mutane na zaune, Hodi na gefe ido rufe, sai aka ga hannunsa na dama yana fizga kamar mai jan igiya. Can sai ya daka tsawa, "Hai!" Liman ya zabura har hularsa ta faɗi.

A waje Abu ya tare shi.

"Bawana, jan-baki sun shigo masallaci na? Ka faɗi mu ɗauko majaujawa."

"Rabu da ni, Abu."

"Wai waliyyi zaka zama? Kai da ko jaki ya gan ka sai ya sake hanya? In ka fara tashi sama ka biya ka ɗauke ni, ina da saƙo Ambursa."

"In na tashi bisa kanka zan fara sauka."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Amma daga ranar bai ƙara zaman a masallaci ba. Ya koma ɗakinsa. Ɗakin ya cika masa da Maryamu, ya koma gindin wata tsamiya a hanyar fadama. Nan kuma duk mai wucewa sai ya yi masa sallama.

Ranar biyar ga Fabrairu awo ya nuna ɗari da tamanin da biyu bisa ɗari da goma. Ranar huɗu ga Maris, ɗari da casa'in bisa ɗari da sha huɗu. A wannan zuwan ya tsaya a tagata bayan layi ya watse, ya sunkuyo.

"Mujtaba, takardar ga Nazifa na karanta ta?"

Na ce tana karantawa, har hoto take sa a ɗauka a tura mata.

"Ba ka rage mini ko goma?"

Na ce masa ba ni ke rubuta awon ba, malamar jinya ce, kuma ko ni ne ba zan taɓa ba. Ya gyaɗa kai ya ce ya sani, tambaya ce kawai. Na ji nauyin abin har na tashi aiki.

Abin da ya fi ci masa rai a zauren Malam shi ne wani Munzali, mai shayi a bakin tasha, wanda ya fara zuwa mako uku bayansa. Ba a yi wata ba sai ga Munzali yana hawaye a cikin zikiri, in an tashi yana cewa ƙirjinsa ya yi sanyi kamar an zuba masa ruwan randa. Hodi yakan dube shi, ya dubi tasbaharsa. Iri ɗaya ce, a shago ɗaya ma aka saya.

Wata Talata ya jira kowa ya fita.

"Allah gafarta Malam, shinkafa kwana ɗari da ishirin ta, daga iri zuwa lauje. Gero ya fi ta sauri. Wanga abu kwana nawa na?"

"Ba shi da kwana, Baba. Wani mako guda, wani shekara ishirin."

"Ni zuwa yankan shinkafa gare ni."

"Ba a yi mai wa'adi."

"Ni an yi mini."

Malam ya ce masa duk sanda zuciya ta tafi ya dawo da ita, wannan dawowar ita ce aikin, kuma ana rubuta masa lada ko bai ji komai ba. Ya sake ce masa ya daina kokawa. Hodi ya ce ya ji. Ya gaya mini cewa ya gwada, har ga Allah ya gwada, amma da ya hango tunani tafe jikinsa ke tashi da kansa, kafin ya tuna abin da Malam ya ce har ya riga ya kora.

Da azumi ya kama a watan Maris sai ya sami sabon ƙarfi. Tun yana yaro yake jin malamai na cewa a watan Ramadan ana ɗaure shaiɗanu. Ya lissafa cewa in mai jefo masa tunanin yana ɗaure, to zai sami sarari ko na kwana ɗaya. Ya ƙara zama na uku bayan azahar. Kwana goma na farko suka wuce, na tsakiya suka wuce. Ranar ashirin da shida ga azumi na haɗu da shi a kasuwar Argungu yana sayen igiya, ya rame, idanunsa sun faɗa. Na tambaye shi jiki.

"Mujtaba, an ɗaure Shaiɗan, abin bai ragu ba ko ɗaya. Ashe ba shi na ba. Ni na."

Na ce kada ya faɗi haka.

"To mi zan ce? Akwai ƙasar da ko mi ka zuba mata ba ta karɓa. Na san irinta, akwai ta gabas da gonar Abu. Ba laifin iri ba na."

Na taya shi ɗaure igiyar a bayan keke.

Bayan Salla, ranar sha biyar ga Afrilu, awo ya nuna ɗari da tamanin da takwas bisa ɗari da goma. A makon ne shinkafarsa ta yi nono, ya hau rumfa. Daga fitowar rana zuwa faɗuwarta yana can, cikin zafin bazara, yana ja yana tsawa. Ya daina zuwa zauren Malam. Zikirin dai bai bari ba, a kan rumfar yake yi, ido buɗe.

Ranar Talata, ashirin da uku ga Afrilu, kwanansa takwas a sama. Ya sauko ya yi la'asar a kan kunya, ya koma ya zauna, ya ɗauko tasbaha. Ga yadda ya ba ni labarin. Ya ce gajiya ta kai masa ko'ina, har ya ji ba shi da sauran ƙarfin yin faɗa da kowa. Ya rufe ido. Tunanin Birnin Kebbi ya zo, ya bar shi. Maryamu ta zo da kofinta, bai kore ta ba, ta zauna, can kuma ya duba bai gan ta ba. Sai komai ya lafa. Ya ce bai taɓa jin irin wannan shirun ba tun da aka haife shi. Yana jin hailala na tafiya da kanta a ƙirjinsa ba tare da ya motsa baki ba. Ya ji ƙarar fukafukai kamar saukar ruwan sama, ya san ko mene ne, kuma bai dame shi ba. Igiya na ƙarƙashin hannunsa, hannun na kwance.

Abu yana tasa rumfar, ya ga garken ya karkato ya zuba a gonar Hodi. Ya jira ƙarar gwangwani, shiru. Ya jira muryar, shiru. Ya yi ta kira daga inda yake, don in ya bar tasa gonar ita ma ta tafi. Da abin ya yi yawa ya diro ya keto laka da gudu, yana jifa yana ihu. Ya tarar da Hodi zaune, ido rabi a buɗe, tasbaha a cinya, yawu ya gangaro ta gefen baki. Ya girgiza shi.

"Hodi! Kai Hodi! Barci kaka yi sun cinye ka?"

Sai da aka jima ya dube shi. Harshensa ya yi nauyi.

"Abu, na samu."

"Ka samu mi? Dubi gonarka!"

Ya duba. Kashi biyu cikin uku ya zama fararen kawuna marasa ƙwaya. Abu ya ce abin da ya ba shi tsoro shi ne mutumin ya kalli wannan ɓarna yana murmushi.

Kafin magariba harshen ya saki, ya tako gida da ƙafarsa. Abu ya ce su tafi asibiti, ya ƙi. Da safe ya ce a kai shi wurin Malam Izzuddeen, yana da albishir. Abu ya goya shi a mashin. Malam ya saurare shi har ƙarshe, yana kallon bakinsa, wanda ya ɗan karkace ta dama. Aka kawo ruwa, Hodi ya karɓi kofin da hannun dama, kofin ya zame ya faɗi. Malam ya miƙe ya ce su tafi asibiti yanzu, tare da shi.

Ƙarfe goma da minti ashirin na ciro katinsa. Awo ya nuna ɗari biyu da huɗu bisa ɗari da ashirin. Likita ya ce ƙaramar shanyewar jiki ce, jini ya tsaya wa wani sashe na ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci sannan ya wuce, kuma irin wannan gargaɗi ne, babbar na iya biyo baya. Hodi ya tambaye shi shirun da ya ji fa. Likita ya ce mai wannan ciwon yakan zauna haka, yana ji yana gani amma ba ya iya motsi, wasu ma ba sa jin tsoro a lokacin.

A kan bencin da ke gaban tagata suka zauna jiran Nazifa, shi da Malam. Ina jin su.

"Allah gafarta Malam, kai ka san abin ga. Wanda na ji jiya, shi na, ko ciwo na?"

"Allah shi ka da sani, Baba."

"Na san Allah ya sani. Kai nika tambaya."

"Ban iya ce maka shi na, ban iya ce maka ba shi na ba. Ban shiga zuciyarka ba."

"Ka ce mini i ko a'a, in san abin da zan riƙe."

Malam ya sunkuyar da kai. Ya ce ba zai yi masa ƙarya ba. Hodi ya juya yana kallon bango har Nazifa ta iso tana kuka.

Ba a jira yankan shinkafa ba. Ranar Asabar, ashirin da bakwai ga Afrilu, aka sa shi a mota da jakar kayansa guda da buta. Abu ne ya yanke abin da ya rage, buhu bakwai, a gonar da takan ba da ashirin da biyar. Da damina aka ba wani maƙwabci aron gonar. Na rubuta a bayan katin cewa an mayar da shi wani asibiti a Birnin Kebbi, na sa kwanan wata, na ajiye katin a layin waɗanda suka tashi.

Ranar Asabar, sha huɗu ga Satumba, na je Birnin Kebbi ɗaurin aure, na biya na gaishe shi. An ba shi ɗaki kusa da ƙofar gida, da fanka da katifa mai kyau. Ya yi ƙiba kaɗan, bakin ya koma daidai, hannun ne dai bai gama dawowa ba. Ya tambaye ni ruwa, ko gulbi ya cika, ko ya hau gonakin ƙasa. Ya tambayi Abu, ya ce in gaya masa har yanzu bai fara tashi sama ba. Ƙofar ɗakin a buɗe take, an tokare ta da dutse.

Na tambaye shi ko yana zaman nan har yanzu.

Ya ce sau ɗaya ya gwada, a watan Yuni, bayan la'asar. Ya rufe ido bai fi minti biyar ba, Nazifa ta leƙo ta gan shi zaune ba motsi, ta fasa ihu, maƙwabta suka cika gidan, har an tsayar da mai Keke Napep. Tun daga ranar ta kafa doka. Ba rufe ƙofa, ba zaman shiru. Zikiri in zai yi, ya yi da ƙarfi yadda za ta riƙa jin sa daga madafa.

"Ban ga laifinta ba," in ji shi. "Ni ma tsoro nika ji. In ya sake zowa, ya zan gane ko wane na? In na saki jiki, wataƙila mutuwa ta nika saki ma. In na tashi na kore shi, wataƙila shi na, wanda na yi wata uku ina nema." Ya shafa hannun daman da na hagu. "Sau guda tak, Mujtaba. Shi ma an ce ba nawa ba na."

Na ce Malam bai ce ba nasa ba ne.

"Bai ce nawa na ba."

Daga nan magana ta ƙare mana. Na zauna ina kallon tabarma, shi yana kallon titi ta ƙofa. Ba mu kai minti biyu a haka ba sai ƙarar turmi ta tsaya a cikin gida.

"Baba?" in ji Nazifa daga madafa. "Baba!"

"Ina nan," ya amsa da ƙarfi. "Ina nan, ɗiyata. Hira muka yi."